Harshen da Ya Fi Daɗi a Kunnena

A majalisarmu ta ƙofar gida, inda muke zama bayan sallar isha'i har sawu ya ɗauke, ba kasafai hira take wuce siyasa da tsadar kayan masarufi ba, amma a wani dare cikin hunturun da ya gabata magana ta karkata wani wuri dabam. Wani ƙanenmu da ke kai kaya Maraɗi da Damagaram ya amsa waya yana jefa Faransanci cikin Hausarsa, da ya gama sai ya ce shi bai taɓa jin harshen da ya kai Faransanci daɗin saurare ba. Nan take telan unguwarmu ya ce ai Indiyanci ya fi, wani dattijo kuma, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a makarantar Islamiyya, ya ce duk wanda ya saka wani harshe a sahu ɗaya da Larabci bai san abin da yake faɗa ba. Da aka juyo kaina na ce Fulatanci, sai aka ce mini jini ne ya yi magana, ba kunne ba. Na tashi daga wurin da wannan zance a raina, na kwana biyu ina jujjuya shi, domin na ga akwai gaskiya a cikinsa, kuma na ga gaskiyar ba ta cika ba.

Wanda ya tashi a Kano ba shi da uzurin cewa bai ji harsuna ba. Sunayen unguwanninmu kaɗai sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna tun lokacin da kalmar Bature ba ta nufin mutumin Ingila. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, fatake suke shigo mana da kaya da baki iri-iri, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta biyo baya da Inyamuranci da Yarabanci da harsunan da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Yau kuma a Kantin Kwari mutum zai ji Sinanci a rumfa ɗaya, ya ji Larabcin Cadi a ta kusa da ita. Saboda haka abin da zan faɗa ba daga littafi na ɗauko shi ba, abin da kunne ya tara ne a hanya da kasuwa da zaure.

Larabci ban iya yi masa alƙalanci ba, kuma ina ganin duk Musulmin da ya ce zai iya, yana ɗora wa kansa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Shi ne harshen da aka fara raɗa mini a kunne ranar da aka haife ni, kuma shi nake fatan ya zama na ƙarshe a bakina. Duk da haka akwai abin da kunne yake kamawa ko da an ajiye imani gefe, wato yadda mai karatu yake jan madda har numfashi ya kusa ƙarewa, da yadda gunna take tsayawa a hanci kamar ba za ta sauka ba, da ɗan bugun nan na ƙalƙala a ƙarshen aya. Ina son karatun Misirawa da na limaman Harami, amma wanda ya fi ratsa ni shi ne karatun gardawa na ruwayar Warshu, wanda na tashi ina ji da asuba daga makarantar allo ta bayan gidanmu, inda ake cewa Muse a maimakon Musa, ake kuma juya harafin nan da Larabawa suke alfahari da shi ya koma lam. Masu tajwidi suna gyara wannan yanzu, kuma suna da hujja, sai dai wannan lam ɗin ya riga ya zauna daram a cikin Hausa: da shi muka samu alƙali da alwala da farilla da lalura, da shi kuma sunan Murtala ya zama namu. Amma ranar da na fara jin direbobi biyu suna cacar baki da Larabci a kan kuɗin mota a ƙasa mai tsarki, na gane cewa abin da nake kira daɗin Larabci rabinsa daɗin Alƙur'ani ne. Larabcin kasuwa yana da kaushi a maƙogwaro kamar kowane harshe idan rai ya ɓaci.

Telan da ya zaɓi Indiyanci ba shi kaɗai ba ne, kusan rabin garin nan suna bayansa. Tun wajajen shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, mutane suka riƙa cika Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai da Eldorado ta Sabon Gari suna kallon labarin da ba sa jin ko jimla ɗaya daga cikinsa, amma su fito sun haddace waƙoƙin tsaf. Abin ya kai masu bandiri suna ɗaukar karin waƙoƙin su zuba masa begen Manzon Allah da Hausa. Ni ma na yarda Indiyanci yana da laushi, musamman harufan nan da ake furtawa da ɗan huci a bayansu, waɗanda ke sa magana ta fito kamar ana sauke ajiyar zuciya. Sai dai na lura da abu biyu. Na farko, ba mu taɓa jin Indiyanci tsirara ba, kullum a naɗe yake cikin sarewa da goge da muryar mace mai zaƙi, kuma wanda aka kawo masa tuwo cikin miya mai kyau ba zai iya rantsuwa a kan ɗanɗanon tuwon ba. Na biyu, kunnenmu yana tsintar nasa a ciki ba tare da ya sani ba, domin Indiyawa ma sun ci daga akushin Larabci: suna cewa duniya kamar yadda muke faɗa, kalmarsu ta lokaci da tamu uwarsu ɗaya, haka ta labari da ta sabulu. Tun da aka fara fassara finafinan zuwa Hausa kuwa, yaran yanzu ba su da wannan shauƙin na iyayensu, sun san labarin amma sautin ya wuce su.

Faransanci ba zan daɗe a kansa ba. Yana da santsi, kalmominsa suna manne da juna kamar an zuba mai a tsakaninsu, amma ni yawan maganar hanci ba ta kama ni, kuma Faransancin da na fi jin daɗinsa shi ne na mutanen Nijar, waɗanda suke buga ra da ƙarfi irin tamu, su fito da kowace gaɓa fili. Turawa da yawa suna cewa Italiyanci ne sarkin daɗi, hujjarsu kuwa ita ce kusan kowace kalma tasa da wasali take ƙarewa, baki ba ya rufewa da ƙarfi. Idan wannan ce hujjar, to Hausa da Yarabanci sun cika sharaɗin, amma ban taɓa jin an saka su cikin wannan lissafi ba, kuma dalilin ba a cikin sautin yake ba.

Akwai abin da ya faru da ni ina saurayi wanda ya canza yadda nake saurare. Na yi shekara uku ina tsaron rumfar wani kawuna a kasuwar Sabon Gari, kusa da wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da kwanuka da tangaran, wadda kowa yake kira Iya. A farkon zuwana, duk lokacin da ta fara magana da 'yan uwanta sai in ɗaga kai in duba ko faɗa ake yi, domin muryar tana hawa tana sauka da ƙarfin da ban saba ji ba, kuma a raina na riga na yanke cewa Yarabanci harshen hayaniya ne. Wata rana da azahar 'yarta ta bar mata jariri ta tafi sari, yaron ya dinga tsala kuka har ya shiɗe, an ba shi ruwa ya ƙi, an goya shi ya ƙi. Sai Iya ta kwance shi daga bayanta, ta ɗora shi a cinya tana fuskantarsa, ta sassauta murya ta fara jero masa wasu kalmomi, ba waƙa ba ce sosai, ba kuma magana ba ce, tana kiran suna tana ja, tana hawa mataki uku tana saukowa, tana ɗan buga ƙirjinsa da yatsu biyu. Kafin a jima yaron ya yi tsit, ya zuba mata ido. Ni ma ashe na tsaya da ƙwaryar awo a hannu, mai saye yana jirana.

Da na tambaye ta, sai ta ce, "Yarona, kirarin gidansu nake yi masa, ina gaya masa ko shi ɗan waye." Oriki suke kiransa. Daga ranar ta fara koya mini gaisuwarsu, na tarar ashe suna da gaisuwa ga mai aiki da mai zama da wanda aka tarar a gida, daidai da sannu da aiki da sannu da zama da sannu da gida. Ta nuna mini yadda kalmar igba take zama ƙwarya ko lokaci ko ɗari biyu gwargwadon inda aka ɗaga murya da inda aka sauke ta, domin su matakan murya uku gare su, mu kuwa biyu ne da wani mai faɗowa daga sama. Shi ya sa gangarsu take iya magana tiryan-tiryan, kamar yadda kalangun mahauta yake kiran sunan mutum a nan. Harshen bai canza ba tsakanin safiyar ranar da yammacinta. Ni ne na ji shi a bakin kaka maimakon bakin mai ciniki.

Wannan ya sa har yau kalmar gwaranci take yi mini nauyi a baki. Mun ɗauki sunan al'umma guda, mutanen Gbagyi masu harshensu cikakke da waƙoƙinsu da karin maganarsu, mun mayar da shi sunan maganar da ba ta fita daidai, kuma muna kiran duk abin da ba Hausa ba yare, da wani ɗan sauti na raini. Ya kamata mu tuna cewa mu ma an yi mana haka. Ajamin da kakanninmu suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi ya samo sunansa ne daga kalmar da Larabawa suke kiran wanda bakinsa ba ya fita da ita. Barebarin da ake kwaikwayon maganarsu don raha kuwa, masana harshe sun nuna cewa ta hannunsu muka karɓi kalmomin karatu da rubutu da kasuwa, har da sarautun Galadima da Ciroma.

A shekarar 2023 wasu masana, ciki har da na Jami'ar Lund da ke ƙasar Suwidin, sun gwada wannan tambaya tamu ta majalisa. Sun kunna wa mutum 820, masu jin Ingilishi da Sinanci da harsunan dangin Larabci, maganganu daga harsuna 228, suka ce kowa ya faɗi yadda ya ji daɗin abin da ya saurara. Abin da ya fito shi ne mutane sun fi yaba harshen da suke zaton sun san shi, muryar mai maganar kuma tana da tasiri, amma tsakanin harsunan da ba su sani ba bambancin kaɗan ne. Da na karanta wannan sai na tuna Iya da jikanta. Duk da haka ban yarda cewa an kashe maganar ba, domin ko an tabbatar cewa babu abincin da ya fi wani a wurin dukan mutane, wannan bai hana mutum ya san abin da bakinsa yake so ba, ya kuma iya faɗin dalili.

Hausa ita ce ta fi ba ni wahala, saboda mutum ba ya jin sautin harshen uwarsa, ma'ana ce take riga sautin isowa. Sau ɗaya na taɓa jin ta kamar baƙo. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni a ɗakin soro, mata suna hira a tsakar gida, nisan ya isa ya haɗiye kalmomin ya bar mini karin kawai. Sai na ji ashe kowace jimla tamu daga sama take farawa, ta riƙa gangarowa mataki-mataki kamar mai saukowa daga Dala, sai in tambaya ce ta ɗan ɗaga kai a ƙarshe. Na ji tsayin wasali da gajartarsa, wanda shi ne ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, shi ne kuma ya ba malamanmu damar ɗora waƙar Hausa a kan ma'aunan Larabci ta zauna daidai. Na ji ƙa da tsa suna fashewa kamar ana karya kara. Kuma ba na jin akwai abin da ya kai amsa-kama daɗi a bakin Bahaushe, inda fari yake zama fat, baƙi wuluk, ja wur, tulu ya cika fal, gari ya yi tsit. Ko da yake Kananci aka ɗauka ya zama ma'aunin rubutu, ni Bakano ina shaida cewa Sakkwatanci ya fi shi nauyi da armashi a waƙa, da hwa ɗinsa da biyat ɗinsa da yadda yake ninka baƙi, kuma ba banza ba manyan makaɗan fada suka fito daga wancan yanki.

To, saura Fulatanci, wanda aka ce jini ne ya zaɓa mini. Gaskiya ne kakata ta wajen uwa Bafulatana ce daga wani ƙauye a gabashin Kano, kuma gaskiya ne ni ba na jin harshen, kamar dubban Fulanin birni waɗanda kakanninsu suka karɓi mulkin garin nan a 1807, Hausa kuma ta karɓe bakin jikokinsu, ba ta bar musu komai ba sai baffa da goggo da kawu. Amma rashin jin nan shi ne hujjata. Tun da ban san ma'anar ba, sautin kaɗai nake ji, kuma na saurare shi a bakin mutane da yawa waɗanda ba su haɗa komai da ni ba: masu tallar nono, da dillalan shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'a, da masu karanta labarai a rediyo. Na ji shi cikin ciniki, na ji shi cikin faɗa, bai taɓa yi mini kaushi ba.

Na yi ƙoƙarin gano dalili. Fulatanci ba ya hawa da sauka don bambanta ma'ana kamar Hausa da Yarabanci, saboda haka jimlarsa tana tafiya a shimfiɗe, tsayin wasali da nauyin baƙi ne suke ba ta rausaya, kamar tafiyar garke da yamma. Kalmomi da yawa suna farawa da ɗan gunji a hanci kafin baki ya buɗe, irin mb da nd da ng, wanda ke sa farkon kalma ya shigo a hankali. Sannan akwai abin da ya fi burge ni, wato yadda harshen ya kasa sunaye gida-gida, fiye da gida ashirin, kowane gida da sautin da yake ƙarewa da shi, kuma duk kalmar da ta raɓi sunan sai ta ɗauki wannan sauti. Abubuwa masu gudana gidansu ɗaya: ruwa ndiyam, nono kosam, mai nebbam, duka da am suke rufewa, leɓe ya haɗu a hankali kamar mai kurɓa. Ƙananan abubuwa kuma suna ƙarewa da el. Shi ya sa magana ta yau da kullum take fita da amsa-amo tun kafin a yi niyyar waƙa. Har farkon kalma yana juyawa tsakanin ɗaya da jam'i, Pullo ya zama Fulɓe, debbo ta zama rewɓe, gorko ya zama worɓe. Ban yi mamaki ba da na san cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta zuba waƙoƙinta masu yawa a cikin wannan harshe.

Kakata, wadda muke kira Dada, ba ta taɓa yi mana Fulatanci da gangan ba, domin a gidan mijinta Hausa ake yi, ita kuma mace ce mai kunya da kawaici. Sai ranar da mai nono ta shigo. Wata tsohuwa ce da take zuwa duk bayan kwana biyu, ta sauke ƙwaryarta a gindin bishiyar darbejiya, ta cire faifan, su gaisa. Dada takan ce a waali jam, ita kuma ta amsa da jam, daga nan sai su yi ta jera jam ɗin nan a kan gida da yara da shanu, muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ba mai kallon idon wani. A wannan ɗan lokaci fuskar Dada takan sake, har bakinta ya fi sauri, ta zama wata mace da ban sani ba. Ni kuwa ina tsugune kusa da ludayi ina jiran a dama fura. Idan ta lura da ni sai ta dafa kaina ta ce ɓingel am, ta ci gaba da hirarta. Sai bayan rasuwarta da shekaru na tambayi wani abokin aikina mutumin Yola ma'anar wannan kalma, ya ce mini ai ɗan ƙaramin ɗana take cewa.

Da na koma majalisa na ba su wannan bayani, Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ai ka dawo kan maganarmu, jinin ne." Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, na yarda jini ne ya buɗe ƙofar, amma kunne ne ya shiga ya zauna." Bai amsa ba, tela kuma bai sauka daga kan Indiyancinsa ba. Tun daga watan nan nake zuwa wurin abokin nan nawa duk ranar Asabar da la'asar da ɗan littafina, yana faɗa ina rubutawa. Ya gargaɗe ni cewa idan na fara jin ma'ana, wani abu daga daɗin sautin zai ɓace mini, kamar yadda na Hausa ya ɓace, kuma na ga alamar haka, domin kosam ta fara zama nono kawai a kunnena. Makon jiya wata yarinya mai tallar nono ta tsaya a ƙofar gidanmu, na tattaro abin da na koya na gaishe ta. Ta dube ni da mamaki, ta gyara mini tsayin wasali ɗaya, sannan ta amsa da jam.